Yadda ake cire sitabalaizar gaba a motar tseren kwata mil

A filayen tseren mota na Amurka, irin waɗanda ke bin dokokin ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951, motoci biyu ne ke jeruwa a bakin layi, koriyar fitila ta kama, su miƙe sambal har ƙarshen kwata mil, wato ƙafa 1,320, kimanin mita 402. Babu kwana ko ɗaya a hanyar. Shi ya sa duk wani ƙarfe da kamfani ya ɗaura wa mota domin shan kwana, ɗan tsere yakan sa masa ido, kuma wanda ake fara taɓawa shi ne sitabalaizar gaba.

Aikin ba shi da wuya. Wanda ya iya riƙe sufana zai gama shi cikin awa ɗaya ko biyu idan tsatsa ba ta ci notuna ba. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne dalilin cirewar, da wace za a cire wace za a bari, da kuma irin motar da za ta rage a hannunka bayan an gama. Motocin da nake magana a kansu su ne masu inji V8 a gaba, masu tura kansu da tayoyin baya, masu aksil guda ɗaya da ya haɗe tayoyin bayan: Chevelle, GTO da Oldsmobile 442 na 1964 zuwa 1972, da Mustang ta 1979 zuwa 1993 wadda ake kira Fox, da ƙannenta har zuwa 2014.

Me sandar ke yi, me ya sa ake cire ta

Sitabalaiza sandar ƙarfe ce da ta ratsa ƙarƙashin mota daga hagu zuwa dama, bakunanta biyu a lanƙwashe. Tsakiyarta na riƙe a jikin shasi da maɗaurai biyu masu bushin na roba, kowane baki kuma an haɗa shi da lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe taya, ta hanyar wani ɗan ƙarfe da ake kira linkej. Idan mota ta shiga kwana, taya ɗaya ta matse sama ɗayar ta saki ƙasa, sai sandar ta murɗe, ta yi gardama, ta hana bodi kwantawa gefe. Amma idan tayoyin biyu suka tashi ko suka sauka tare, sandar ba ta murɗewa, juyi kawai take yi cikin bushin.

Wannan ya sa bayanin da aka fi ji, wai sitabalaiza ce ke danne gaban mota ta hana shi ɗagawa, rabin gaskiya ne. Tana rage ɗagawar, amma ta hanyar cijewa: tsohon bushin da ya bushe, ko bushin mai tauri da aka ɗaure tamau, ko linkej da ya kai iyakar karkacewarsa kafin shokazoba ta gama miƙewa. Batun nauyi ma haka ne. Sandar da kayanta ba su wuce kilo 5 zuwa 10 ba. 'Yan tsere suna da wani lissafi na baka cewa duk kilo 45 da aka sauke yana rage kimanin daƙiƙa 0.1 a kwata mil, don haka nauyin sandar kaɗai abin da zai ba ka bai kai a yi shela ba, ko da yake a hancin mota yake, inda ba a son kaya.

Babban dalilin yana can ƙarƙashi, wajen murɗawar inji. Lokacin da direba ya danne totur a bakin layi, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil ɗin baya, tana juyawa da ƙarfin gaske, musamman a giyar farko. Wannan ƙarfin yana ƙoƙarin mirgina aksil ɗin baya: ya danne tayar hagu, ya sauƙaƙa wa ta dama. Shi ya sa motar da ba ta da giyar baya mai hana taya ɗaya juyi ita kaɗai, irin Positraction ko Traction-Lok ko Sure-Grip, kullum tayar dama ce ke fara hayaƙi, ta bar baƙin layi guda ɗaya a kan kwalta. A daidai wannan lokacin inji yana mirgina bodi zuwa ɗaya ɓangaren: gaban hagu ya tashi, bayan dama ya durƙusa. In ka taɓa ganin hoton Chevelle tana barin layi da tayar gaba ta hagu a sama, abin da ka gani ke nan.

To wannan mirginawar bodin dole wani ya tare ta, ko gaba ko baya. Duk kason da baya ya tare, yana komawa ne ya danne tayar dama ta baya, wadda aksil ya sauƙaƙa wa, sai nauyin tayoyin biyu ya matso kusa da juna. Kason da gaba ya tare kuwa ya tafi a banza, don tayoyin gaba ba su tura komai. Sitabalaizar gaba mai kauri tana janye kaso mai yawa zuwa gaba. Da ka cire ta, aikin ya koma baya, inda ake bukatarsa. Kamar mutum biyu ne suka ɗauki gungume, na gaba ya sassauta kafaɗa, nauyin ya sauka kan na baya.

Daga nan doka ta farko ta fito, kuma ita ce na fi son a riƙe: ta gaba ake cirewa, sitabalaizar baya kuwa ba a cire ta. Masu tsere da gaske ma ƙara wa ta baya ƙarfi suke yi, su sa wata mai kauri wadda ake iya saita ta. Wasu kuma su cusa jakar iska cikin sifirin na bayan dama. Injiniyoyin Chrysler sun bi ta wata hanyar tun a shekarun 1960, inda sifirin ɗin baya na motocin tserensu da ake kira Super Stock, na ɓangaren dama ya fi na hagu ƙarfi. Duk ciwo ɗaya ake magani.

Kafin ka ɗauki sufana

Idan motarka sabuwar ƙira ce mai tayoyin baya kowace da nata motsi, kamar Challenger daga 2008, Camaro daga 2010 ko Mustang daga 2015, bayanin murɗawar aksil bai shafe ta ba, domin akwatin giyar baya a jikin bodi yake ɗaure. Abin da za ka samu a nan shi ne ragin nauyi da ɗan sakin gaba, sannan ka rikita wa kwamfutar da ke kula da zamewa lissafinta. A ganina ribar ba ta kai kasadar ba sai motar ta zama ta tsere zalla.

Idan kuma har yanzu tayoyin titi ne a bayan motar, suna ta juyi a banza da an taɓa totur, to kuɗi da lokaci su fara tafiya wajen taya. Sitabalaiza ba ta gyara robar da ba ta kama ƙasa.

Sannan ka je filin tukuna da motar yadda take, a daren gwaji da yawancin filaye ke buɗewa ga kowa. Yi gudu da yawa, ka adana takardun sakamako, ka rubuta iskar taya da yanayin zafi a bayan kowace. Lambar da za ka sa wa ido ita ce ta ƙafa 60 na farko. Motar titi a kan tayar yau da kullum takan ci daƙiƙa 2 ko fiye kafin ta kai nan, mai tayar tsere takan sauko wajen 1.6 zuwa 1.8. In ba ka da lambar jiya, ba yadda za ka san ko aikin yau ya amfana. Ka kuma tambayi masu duba motoci a filin ko ajin da za ka shiga ya yarda da cirewar.

Kayan aiki: jak mai ƙarfi, matokaran ƙarfe guda biyu, weji na tayoyin baya, sufanu da soket, alanki, sufanar awon ɗauri, man sassauta tsatsa, buroshin waya, zarton ƙarfe, tabarau na kare ido, da leda ta zuba ƙananan kaya. Motocin 1960 da farkon 1970 notunansu na inci ne, na baya-bayan nan na milimita, wasu na tsakiya kuma sun gauraya, don haka ka ajiye duka biyun a kusa.

Aikin kansa

Mataki na 1. Tun daren jiya ka goge zaren notunan linkej da na maɗaurai da buroshi, ka fesa musu mai, ka bar shi ya shiga. Motar da ta yi shekara hamsin, musamman wadda ta zauna a jihohin arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, wannan matakin ne ke raba aikin awa ɗaya da na yini guda.

Mataki na 2. Ajiye motar a daɓen siminti mai lebur. Sa giya, ja birkin hannu, cusa weji gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notunan tayoyin gaba tun suna ƙasa.

Mataki na 3. Ɗaga gaban motar duka, hagu da dama daidai wa daida, ka zaunar da shasi a kan matokarai. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. In ka ɗaga gefe ɗaya kawai, sandar tana murɗe, tana ɗauke da ƙarfi, kuma da notin ƙarshe ya fita za ta iya fizgewa ta doki hannu ko fuska. Girgiza motar da kafaɗa ka tabbatar ta zauna. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, komai gaggawa, kuma bulo ba matokari ba ne. In kana da rami ko tudun hawa na ƙarfe, ya fi sauƙi ma, domin nauyin motar na kan tayoyinta, sandar kuma a sake take. In a kan matokarai motar take, sai ka cire tayoyin in kana bukatar wuri.

Mataki na 4. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai. Sandar tana da sama da ƙasa, kuma a wasu motocin za ta shiga a kife ba tare da ta yi gardama ba, sai daga baya ta riƙa gugar wani abu. Sa mata alamar fenti a ɓangaren direba.

Mataki na 5. Fara da linkej, duka biyun, kafin maɗaurai. A Chevelle da Mustang Fox, linkej dogon bolti ne da aka jera wa kaya: wasa, roba, bakin sanda, roba, wasa, bututun tsakiya, wasa, roba, lowa am, roba, wasa, sannan noti. Riƙe kan boltin da sufana ɗaya, ka kwance notin da ɗayar. Zare shi a hankali, ka mayar da kayan a kan boltin yadda suke jere, ka ɗaura notin da hannu don kada su watse. A Mustang ta 2005 zuwa 2014 linkej ɗin mai ƙwallo ne, kuma a jikin shokazoba yake kamawa. In ka juya noti sai ƙwallon ya bi shi, don haka sai ka riƙe sandar ƙwallon da ƙaramar sufana ko alanki.

Idan boltin ya cije ya ƙi zaruwa bayan noti ya fita, kada ka hau shi da guduma. Sa jak a ƙarƙashin lowa am ka ɗaga kaɗan-kaɗan har ka ji ya saki. Idan kuma tsatsa ta haɗe bolti da bututun tsakiya sun zama abu ɗaya, yanke shi da zarto. Linkej kaya ne mai araha, bai cancanci fasa ƙoƙon hannu ba.

Mataki na 6. Maɗauran tsakiya. Kowane yakan zo da bolti biyu. Sassauta duka huɗun tukuna, ka cire ɗaya a kowane gefe, sannan ka tallafe sandar da hannu ko ka sa wani ya riƙe, kafin ka cire na ƙarshe. A nan ake son haƙuri. A motoci da yawa waɗannan boltin a cikin zaren da ke jikin shasi suke shiga, ko a wani noti da aka liƙe daga ciki. In ka yi musu ƙarfi zaren ya lalace, ko notin cikin ya ɓalle yana ta juyi, ka jawo wa kanka aikin walda. Ka kwance kaɗan, ka mayar kaɗan, ka ƙara mai, har ya fito da kansa.

Duba ko boltin yana riƙe da wani abu daban, kamar murfin roba na ƙarƙashi ko bututun man sitiyari. In haka ne, mayar da boltin wurinsa ka ɗaure bayan sandar ta fita. A Mustang ta 2005 zuwa 2014 sandar a jikin ƙarfen da ke tallafe da lagireto take, wannan ƙarfen kuwa yana nan daram, sai dai in za ka musanya shi da marar nauyi da aka ƙera don haka.

Mataki na 7. Zaro sandar. Wani lokaci sai ka karya sitiyari zuwa gefe ɗaya ka karkata ta kafin ta fita. Kula kada bakinta ya kamo tiyon birki ko wayar ABS.

Binciken da ba a tsallakewa

Sandar ta fita, amma aikin bai ƙare ba, kuma wannan ɓangaren ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yanzu tayoyin gaba za su iya sauka ƙasa fiye da da. Tun motar na kan matokarai, ƙafafun gaba na reto, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, kana kallon tiyon birki. Dole ya kasance da sauran lanƙwasa. In ya miƙe tsaf, shi ne ke riƙe da tayar, kuma wata rana zai tsinke a daidai lokacin da motar ta bar layi, ka iske babu birki a ƙarshen fili. Sai an sa mai tsawo kafin motar ta motsa.

Kama sifirin ka jijjiga. Bai kamata ya yi sako-sako ko ya fita daga mazauninsa ba. Duba boljoyin da tayarod, ka tabbata ba su kai iyakar karkacewarsu ba, kuma babu wasa a cikinsu. Sitabalaiza takan ɓoye gajiyar waɗannan kayan, da ta tafi sai duk laifinsu ya fito fili. Duba kuma robar da ke tsayar da hannun ƙarfe na sama da ke riƙe taya a tsofaffin motocin kamfanin GM irin su Chevelle, in ta ruɓe a canza. Akwai wani abu kuma: a motoci da yawa, yayin da gaba ke tashi, bakin tayoyin yana ɗan juyawa ciki ko waje da kansa. Wannan ne ke sa mota ta riƙa yawo a layi. In ka ga canjin ya yi yawa da ido, kai ta wurin mai alaimen da ya san motocin tsere.

Mayar da tayoyi, sauke motar, ka ɗaure notunan da sufanar awo bisa lambar da ke littafin motar, kana tsallake noti ɗaya zuwa na ƙetare. Danna hancin motar da hannu ka saki. Ya kamata ka ji ya fi da laushi, kuma babu ƙara.

A filin tsere

Kada gudun farko ya zama na neman suna. Bar layi da rabin totur, ka ji yadda motar ke yi, musamman wajen ƙarshe da lokacin taka birki. Motar da ta kai ƙarshen kwata mil da gudun kilomita 160 ko fiye a awa, ba sitabalaizar gaba, in ta ɗan karkace ka fizgi sitiyari, za ta kwanta gefe ta dawo ta kwanta ɗaya gefen, kowane zuwa ya fi na baya. In ta fara fita daga layi, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka gyara da ɗan motsin hannu. Gudu ɗaya da aka bari ba asara ba ce.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Iskar taya, yadda kake barin layi, man da ke tanki, duk su zauna yadda suke a ranar da ka ɗauki lambobin farko. Sa wani ya ɗauki bidiyo daga baya da kuma daga gefe. A bidiyon baya kana neman ganin ko motar ta tashi a miƙe, da ko tayoyin biyu sun bar sawu iri ɗaya. In bodi ya mirgina sosai har motar na jan gefe, to baya ne bai da ƙarfin tare abin da aka tura masa, maganin kuma sitabalaizar baya mai ƙarfi ce ko jakar iska a dama. Daga gefe kana kallon yadda hanci ke tashi. Ana son ya ɗaga a hankali ya daɗe a sama. In ya yi tsalle ya bugi iyakarsa nan take, zai faɗo, nauyin ya bar tayoyin baya, su kufce bayan 'yan ƙafafu. Wannan aikin shokazoba ne. Shi ya sa ake haɗa cirewar da shokazoba irin ta 90/10, mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, ko wadda ake saitawa da hannu. Motoci masu ƙarfi sosai, musamman a kan tayar tsere ta radiyal, sau da yawa ma rage tashin gaban ake yi da maɗauri, don ɗagawar ta yi musu yawa.

Ribar da za ka gani ta danganta da motar. Wata za ta sauke 'yan ɗigo a lambar ƙafa 60, wata ba za ta nuna komai ba. Amma kada a raina ɗigon, domin abin da 'yan tsere suka sani shi ne duk 0.1 da aka samu a ƙafa 60 yakan zama wajen 0.15 zuwa 0.2 a ƙarshen fili. In ka yi gudu da yawa lambar ba ta motsa ba, mayar da sandar, ka nemi lokacinka a wani wuri.

Motar da ke komawa gida a kan titi

Nan ne na fi damuwa. Mota marar sitabalaizar gaba, mai ta baya, an saita ta ne yadda baya zai riga gaba kufcewa a kwana. A miƙaƙƙen fili wannan ba ya tasowa. A titi kuwa, ranar da yaro ya faɗo hanya ko wata mota ta yanko maka, ka kauce da sauri, hancin zai kwanta, baya ya ɗebo, motar ta juya da kai. In aka ƙara da shokazoba 90/10 da siraran tayoyin gaba, abin ya ninka. Motar da aka yi wa haka a tirela ake kai ta fili.

Wanda motarsa guda ce, da ita zai je da ita zai dawo, yana da hanyar tsakiya: ya bar sandar a jikin motar, ya kwance linkej kawai idan ya isa fili. Cire linkej ɗaya ya isa ya kashe aikin sandar, amma bakin da aka saki yana bin motsin ɗaya tayar, yana iya dukan lowa am ko tiyon birki. Gara a cire duka biyun, a juya bakunan sama, a ɗaure su da waya mai ƙarfi a jikin shasi, nesa da taya, da tiyo, da bel ɗin inji. Ba ka rage nauyi ba, amma ka samu babbar ribar, wato mayar da aikin tare mirginawar bodi zuwa baya.

Wajen mayarwa, ko na linkej ko na sandar duka, bi hoton da ka ɗauka. Shafa wa bushin giris na silikon, domin giris na yau da kullum yana cin roba. Ɗaura maɗauran da hannu tukuna, haɗa linkej biyun, sannan ka sauke motar a kan tayoyinta a wuri mai lebur kafin ɗaurin ƙarshe. Linkej mai jerin roba ba a matse shi har roba ta fashe, ana ɗaurewa ne har robar ta kumbura ta kai faɗin wasan da ke kanta, a tsaya. Zagaya da motar a hankali cikin filin ajiye motoci, ka karya hagu da dama kana sauraron ƙara, ka sake taɓa kowane noti da sufana kafin ka hau babban titi.